Ɗinkin da bai kai faɗin farce ba: yadda likitoci ke haɗa bututun matsarmama da hanji

 Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin nan saboda waɗanda datarsu ba za ta ɗauki sauti ba, da kuma masu cewa sun fi gane abu in sun karanta. Na share su "eh" da "am" ɗin da ke ciki, sauran kuwa yadda na faɗa haka na bar shi.

Yau maganar ɗinki za mu yi. Kar teloli su gyara zama, wannan ɗinkin a cikin jikin mutum ake yin sa, can ƙarƙashin hanta, a kan wani bututu da bai fi kaurin biro ba. Shi ne ɗinkin da ake haɗa bututun matsarmama da hanji. Sunan aikin a wurin likitoci hefatikojejunostomi. Ba sai kun haddace ba, ni kaina sai da na yi kwanaki kafin harshena ya saba. Abin da nake so ku tafi da shi shi ne yadda ake yin ɗinkin, da dalilin da ya sa ɗan wannan wurin ke riƙe da lafiyar mutum shekara da shekaru.

Bari in fara da labari.

A watan Afrilun 1953 aka kwantar da ministan harkokin wajen Birtaniya, Anthony Eden, a Landan don a cire masa matsarmama. Aiki ne da aka daɗe ana yi, tun 1882 da wani likita Bajamushe, Carl Langenbuch, ya fara yin sa a Balin. Amma a na Eden sai aka samu kuskure, aka ji wa babban bututun da ke ɗauko ruwan matsarmama daga hanta rauni. Aka sake buɗe shi a cikin watan, abin bai gyaru ba. A watan Yuni aka ɗauke shi zuwa Bostan a Amurka, wurin Richard Cattell, wanda ya yi suna a zamanin wajen gyaran irin wannan ɓarna. Cattell ya haɗa abin da ya rage na bututun da ƙaramin hanji. Eden ya tashi, ya koma aiki, har ya zama firaminista a 1955.

Sai dai ciwon bai rabu da shi ba. Lokaci-lokaci zazzaɓi mai rawar sanyi yakan kama shi. A Yulin 1956 Gamal Abdul Nasir ya mayar da mashigin Suwez hannun Masar, rikici ya tashi. A watan Oktoba, ana tsakiyar wannan rikici, zazzaɓin ya kwantar da Eden a asibiti, zafin jikinsa ya kai wajen digiri 41. Makonni kaɗan bayan haka Birtaniya da Faransa da Isra'ila suka afka wa Masar, abin ya ƙare wa Birtaniya da jin kunya, Eden ya yi murabus a Janairun 1957. Bayan 'yan watanni ya koma Bostan aka sake buɗe shi saboda hanyar ta tsuke. Har yau masana tarihi na muhawara kan ko ciwon da magungunan da yake sha sun shafi matakan da ya ɗauka. Ni ba can zan shiga ba. Ku dai lura: mutum ne da ke da ƙasa guda a bayansa, aka kai shi wurin gwanin gwanaye, amma ɗan bututun nan ya bi shi har ƙarshen siyasarsa.

To menene wannan bututu?

Hanta tana yin wani ruwa mai ɗaci, launinsa tsakanin ɗorawa da kore, wanda ke taimakawa wajen narkar da maiƙo. Duk wanda ya taɓa gyaran kaza ya san shi, shi ne wanda ake gargaɗinka kar ka fasa don zai ɓata naman. A rana hanta takan yi daga rabin lita zuwa kusan lita ɗaya. Ruwan yana fitowa ta ƙananan hanyoyi, su taru su zama bututu biyu, na dama da na hagu, su biyun su haɗu su zama babba guda, shi kuma ya gangara ya zuba a farkon ƙaramin hanji, daf da tumbi. Ita jakar matsarmama tanki ce kawai a gefen hanya, tana ajiya zuwa lokacin cin abinci. Shi ya sa ake iya cire ta mutum ya ci gaba da rayuwarsa. Babban bututun kuwa ba shi da mataimaki. Ga lafiyayyen mutum faɗinsa bai cika wuce milimita 6 ba, kuma in ya toshe ruwan ba shi da wata hanya. Sai ya koma cikin jini, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya koma kamar shayin da ba madara, bayan gida ya yi fari-fari, jiki ya yi ta ƙaiƙayi. Shawara kenan, amma irin ta toshewa.

Yaushe ake buƙatar haɗa shi da hanji? Na ɗaya, in an ji masa rauni wajen cire matsarmama, irin na Eden. Ba ya yawan faruwa, bai kai mutum 1 cikin 100 ba, amma da yake aikin cire matsarmama na da yawa a duniya, masu raunin ma ba su yi kaɗan ba. Kuma wannan ya shafe mu kai tsaye, don masu ciwon sikila suna yawan samun tsakuwa a matsarmama tun suna matasa, da yawansu sai an cire. Na biyu, in kansa ta kama bututun ko ta kama kan fankiriyas, wato gaɓar nan da ke samar da insulin. A nan ake yin babban aikin da ke ɗauke da sunan Allen Whipple, likitan Niyok da ya bayyana shi a 1935. Na uku, yaran da aka haifa da bututun a kumbure kamar balan-balan, a yanke wurin a haɗa sauran da hanji. Na huɗu, wasu daga cikin masu dashen hanta.

Za ku ce, in bututu ya yanke me zai hana a haɗa bakin da bakin kawai, kamar yadda mai gyaran famfo ke yi? Ana yi wani lokaci, amma sau da yawa ba ya ɗorewa. In wani yanki ya tafi, sai ka jawo kafin bakunan su haɗu, kuma ɗinkin da aka yi a kan ja ba ya zama lafiya. Don haka sai a kawo hanji wurin bututun. Hanji yana da tsawo, yana da jini sosai, kuma yana tafiya inda aka kai shi.

Dabarar da aka fi amfani da ita ta wani likita ce ɗan ƙasar Suwizalan, César Roux, wanda ya fito da ita a shekarun 1890 don aikin tumbi. Za a yanke ƙaramin hanji a kashi na biyunsa, wanda ake kira jejunam. Ɓangaren ƙasa sai a ɗago shi sama zuwa ƙarƙashin hanta, shi za a ɗinke da bututun. Ɓangaren sama, mai ɗauke da abinci daga tumbi, sai a dasa shi a gefen hanjin can ƙasa, tazarar santimita 40 zuwa 60. In ka zana abin a takarda zai ba ka harafin Y. Amfanin tazarar shi ne kar tuwo da miya su riƙa hawowa zuwa hanta da ƙwayoyin cutarsu. Hanya ɗaya ta ruwan matsarmama, ɗaya ta abinci, sai a ƙasa su haɗu.

Yanzu mun iso wurin ɗinkin kansa.

Mu fara da zare. Zaren tiyata lamba gare shi, kuma yadda sifirin ke ƙaruwa haka yake ƙara sirancewa. A nan ana amfani da 4-0 ko 5-0, in bututun ƙarami ne sosai a sauko 6-0. Kaurin 5-0 bai fi kashi ɗaya cikin goma na milimita da ɗan ɗoriya ba, 6-0 kuwa kusan silin gashi ne. Shi ya sa za ku ga likitan da tabarau mai ƙara girman abu. Zaren da aka fi so sili ɗaya ne mai santsi, ba tufkakke ba, kuma mai narkewa da kansa, irin wanda ake kira PDS. Yana riƙe ƙarfinsa na makonni, lokacin da naman ke buƙata ya haɗe, sannan ya narke cikin wata shida ko sama da haka kaɗan. Me ya sa ba a son zaren siliki da ba ya narkewa? Saboda duk abin da ya zauna a cikin ruwan matsarmama, datti yana taruwa a jikinsa har ya zama tsakuwa. An sha ciro tsakuwa daga bututun mutum a fasa a tarar da tsohon zare a tsakiyarta.

Sai salon ɗinki. Manya guda biyu ne.

Na farko zan kira shi ɗinkin ɗai-ɗai. Ka soka allura a hanji, ka soka a bututu, ka ƙulla, ka yanke, ka ɗauko wani zaren. Kamar sa maɓallan riga, kowanne da zarensa. Bari mu yi ɗan lissafi. Bututu mai faɗin milimita 8, zagayen bakinsa kusan milimita 25 ne. In ana barin milimita 2 zuwa 3 tsakanin suka da suka, ana maganar zare 8 zuwa 12. Shi kuma zare mai santsi yana son kwancewa, don haka kowanne sai an yi masa ƙulli biyar ko shida. Kun ga ƙulli 40 zuwa 72 kenan, a cikin rami mai zurfi, a gefen manyan jijiyoyin jinin da ke shiga hanta. Amfaninsa, in ɗaya ya saki sauran na nan, kuma kowace suka likita yana ganin inda ta faɗa, in ba ta yi masa ba ya zare ta ya sake. Matsalarsa, yana cin lokaci, yana cin zare, zaren nan kuwa da tsadarsa.

Na biyu zan kira shi ɗinkin zarce. Ba tazarcen 'yan siyasa ba. Ka ƙulla a kusurwa ɗaya, ka yi ta tafiya da zare guda har ka kai ɗaya kusurwar, irin yadda ake ɗinke bakin buhu. Yana da sauri, ƙulli kaɗan ne, kuma ja yana rarrabuwa daidai a kan layin, abin da ke taimakawa wajen hana yoyo. Matsalarsa biyu. In zaren ya tsinke a wuri guda, layin gaba ɗaya na iya saki. Ta biyun ta fi muni: in aka ja shi da ƙarfi sai bakin ya tattare, kamar an ja zariyar wando. A bututu mai faɗin milimita 15 ɗan tattarewa ba wani abu ba ne. A mai milimita 4 kuwa, kaɗan ka tattare ka cinye rabin hanyar.

Akwai masu haɗa biyun. Su yi zarce a layin baya, inda ƙulli ke da wahala, su yi ɗai-ɗai a layin gaba inda ido ke gani. Ana kuma ƙoƙarin ƙulli ya kasance a waje, kar ya zauna a hanyar ruwan, ko da yake a layin baya wasu sukan bar shi ciki tunda zaren mai narkewa ne.

Wata dabara da nake so in ba ku ita ce wadda Leslie Blumgart ya yaɗa, likita haifaffen Afirka ta Kudu da ya yi aiki a Landan da Niyok. Matsalar da ta warware ita ce: in bututun ya yanke can sama a gindin hanta, da zarar ka ɗinke layin baya ka kawo hanji ya manne, ba ka ƙara ganin leɓen gaba na bututun da kyau. To sai a juya tsarin. A fara soka zarurrukan gaba a jikin bututun kaɗai, kar a ƙulla, a bar su da allurarsu, a ɗaga su sama. Ɗagawar nan tana buɗe bakin bututun kamar an buɗe bakin jaka. Sai a jera na baya tsakanin hanji da bututu, su ma ba a ƙulla ba, hanjin yana ɗan nesa. In an gama sai a zuro hanjin a kan zarurrukan a hankali har ya zauna a wurinsa, a ƙulla na baya ɗaya bayan ɗaya, sannan a dawo kan na gaban nan da ke jira, a soka su a hanji a rufe.

Ranar da na fara tsayawa a irin wannan aiki ina ƙaramin likita, aikina bai wuce riƙe 'yan hantsakan da aka maƙale wutsiyar kowane zare da su ba. Sun kai goma sha biyu, an jera su kamar haƙoran mataji. Hannuna ya gaji na ɗan motsa, biyu suka haye juna. Ogana bai ɗaga murya ba, ya ce, "Dakta, in suka harɗe, daga farko za mu sake. Ni ba na sauri, kai ma kar ka yi." Ya tsaya ya warware su ɗaya-ɗaya. Duk babban aikin da aka yi a ranar, an yi awanni ana yanka ana ɗaurewa, amma wurin da ɗakin ya yi tsit, har mai ba da kayan aiki ta daina hira, shi ne wannan da'irar da ba ta kai faɗin farce ba.

To wanne ya fi, ɗai-ɗai ko zarce?

An gwada. An yi nazarce-nazarce a Jamus da Japan da wasu ƙasashe, har da gwajin da aka raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Abin da ya fito fili shi ne zarce ya fi sauri sosai kuma ya fi araha. Wajen yoyo kuwa, in bututun yana da faɗi, ba a ga wani bambancin a zo a gani ba. Inda ake taka-tsantsan shi ne ƙananan bututu masu siririn bango, nan likitoci da yawa sun fi natsuwa da ɗai-ɗai saboda tsoron tattarewar nan. Don haka gwanaye da yawa ba su da salo guda, sai sun ga bututun. In kansa ta toshe shi ya kumbura ya yi faɗi, bangonsa ya yi kauri, zarce ya wadatar. In lafiyayyen bututu ne siriri da aka yanke jiya, a bi shi ɗai-ɗai. A tiyatar zamani da ake yi ta 'yan ƙananan huji da kyamara, ko da na'urar da likita ke sarrafawa daga kujera, ƙulli yana da wahala, don haka zarce ya fi yawa. Har akwai zare mai 'yan ƙayoyi a jiki da ke kama nama da kansa ba sai an ƙulla ba.

Amma ga inda maganar take. Ko wane salo aka ɗauka, akwai abubuwa huɗu da in babu su ɗinkin zai lalace.

Na ɗaya, jini. Nama ba ya warkewa in jini bai isa wurin ba. A 1979 wasu likitoci biyu a Kef Tawun, Northover da Terblanche, suka nuna cewa bututun nan yana samun jininsa ne ta wasu siraran jijiyoyi da ke bin gefensa biyu, in ka ɗauke shi kamar fuskar agogo, a wajen ƙarfe 3 da ƙarfe 9, kuma mafi yawan jinin daga ƙasa yake hawowa. Wato in an yanke bututun, guntun da ya rage a sama ya rasa babban rabonsa. Shi ya sa likita ke datse bakin yana hawa sama har sai ya ga jan jini na tsattsafowa daga leɓen, kuma ba a son a feɗe jikin bututun tas ko a yi ta ƙona shi da na'urar tsayar da jini.

Na biyu, kar a yi ɗinki a kan ja. Hanjin ya zo ya kwanta a gindin hanta da kansa, ba zare ne ke riƙe da shi da ƙarfi ba.

Na uku, shafi da shafi. Kamar yadda babbar riga ke da shafi a ciki, bututu da hanji kowanne yana da wata lallausar shimfiɗa a cikinsa. Dole shafin wannan ya taɓa shafin wancan a duk zagayen. Duk inda aka bar giɓi, jiki zai cike shi da tabo, shi kuwa tabo halinsa ne ya riƙa tsukewa a hankali. Ana ma huda hanjin ƙasa da faɗin bututun kaɗan, don hanji yana miƙewa, in ka yi hujin daidai sai ya zo ya fi ƙarfin bakin.

Na huɗu, faɗi. In bakin ƙarami ne, a ƙara masa. A 1956 wasu likitoci biyu a Faris, Jacques Hepp da Claude Couinaud, suka nuna cewa bututun hagu yana tafiya a kwance a ƙarƙashin hanta na 'yan santimita kafin ya nutse ciki, kuma jini na isarsa sosai. In aka sauko da shi aka tsaga shi a tsawonsa, sai a samu baki mai faɗin santimita 2 ko fiye maimakon ɗan huji. Ko tabo ya ci wani abu daga baya, akwai saura.

Kun ga tsaka mai wuyar da likita ke ciki? In ya ɗaure ƙulli da ƙarfi, ya shaƙe naman, jini ya yanke, tabo ya fito, hanya ta tsuke. In ya yi sako-sako, ruwan ya yi yoyo, ya ƙona naman da ke kewaye, kumburi ya zo, tabo ya fito, hanya ta tsuke. Duk hanyoyin biyu gida ɗaya suke kaiwa. Abin da ake so leɓe ya taɓa leɓe kawai. In an gama akan ɗora farin ƙyallen tiyata a wurin na ɗan lokaci a duba ko ya yi ɗorawa, sau da yawa kuma a bar 'yar roba a gefe da za ta fito da duk abin da ya ɗiga a kwanakin farko.

Saura abu ɗaya, kuma a ganina ya fi duk maganar zare nauyi: hannun wa, kuma yaushe. A 1995 Lygia Stewart da Lawrence Way a San Faransisko suka bi bayanan mutanen da aka ji wa bututun rauni wajen cire matsarmama da kyamara. Inda likitan da ya yi aikin farko shi ya yi ƙoƙarin gyarawa, kashi 17 cikin 100 ne kawai suka yi nasara. Inda aka tura wa ƙwararrun wannan fanni, nasarar ta haura kashi 90. Ba wai na farkon ba su iya ɗinki ba ne. Aiki ne da likita na gama-gari zai iya shekaru bai gamu da shi ba, ga tashin hankalin kuskuren da ya faru yanzu a hannunsa. Kuma duk gyaran da ya lalace, sai an ƙara datse bututun, na gaba ya ƙara hawa sama ya ƙara wuya. Tun ran gini ran zane. Shi ya sa ake koya mana cewa in haka ta faru kuma babu ƙwararre a kusa, ka sa roba ruwan ya samu mafita, ka magance ƙwayoyin cuta, ka tura mara lafiya inda ya dace. Wani lokacin ma da gangan ake jira makonni kumburi ya sauka kafin a yi gyaran. Dangi kan ga kamar an yi watsi da nasu ne, alhali jiran yana cikin maganin.

To ku da ba likitoci ba, me za ku yi da wannan?

In an cire wa wani naku matsarmama, bayan kwana biyu-uku maimakon sauƙi sai ciwon ciki ya ƙaru, ciki ya kumbura, ga zazzaɓi, ko ido ya fara ɗorawa, ko ruwa mai launin kore na fita ta robar ko ta wurin ɗinki, kar a ce gajiyar tiyata ce. A koma asibiti a ranar. In aka ce akwai rauni a bututun, ba rashin kunya ba ne ku tambaya cikin ladabi: "Likita, akwai wanda ya saba da irin wannan gyaran a nan, ko gara a tura mu asibitin koyarwa?" Likitan kirki ba zai ji haushin tambayar ba.

In kuma an riga an yi wa mutum wannan haɗin, ya sani cewa tsukewa ba ta zuwa da wuri. Mafi yawa tana bayyana a 'yan shekarun farko, amma akwai wadda sai bayan shekara 10 ko fiye. Alamarta uku ne da ke tafiya tare: zazzaɓi mai rawar sanyi, ciwo a saman ciki ta dama, da ɗorawar ido. A wurinmu haɗarin shi ne duk zazzaɓi maleriya ne ko taifot, duk ɗorawar ido kuma a nufi jiƙo. Mutum ya yi ta shan maganin maleriya yana samun sauƙi yana komawa, a hankali hanta na ƙandarewa. Jiƙo ba ya buɗe bututun da tabo ya shaƙe. In an gano da wuri kuwa, sau da yawa ba sai an sake buɗe ciki ba, ana iya zura 'yar balan-balan ta cikin hanta a buɗa wurin. Don haka ku adana takardar sallama ta asibiti, ku ɗauki hotonta a waya, ku san sunan aikin da aka yi muku, ku riƙa zuwa gwajin jinin hanta yadda aka tsara ko da kuna jin garau. Duk likitan da kuka je wurinsa da zazzaɓi, ko bayan shekara nawa ne, ku fara gaya masa an taɓa haɗa muku bututun matsarmama da hanji.

A nan za mu dakata. Wanda ke da tambaya ya ajiye ta, zan tattara in amsa a farkon shiri na gaba, amma don Allah kar a turo min sakamakon gwaji a ce in yanke hukunci daga waya, wannan sai likitan da ya ga mutum ido da ido. In kun san mai sikila ko wanda aka yi wa aikin matsarmama, ku tura masa wannan rubutun. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mun sake haɗuwa, ku huta lafiya.